Baba Ƙarami da Ɗakin Sanyi

A duk gidan ɗinkin labulen Gwaggo, ɗaki ɗaya ne tak mai sanyi, kuma ba don mutum aka yi shi ba. Na babbar na'ura ne, wato kwamfutar gidan. Wani ɗan tsukukun ɗaki ne a ƙarshen baranda, da tagar gilashi mai kauri, da ƙofar ƙarfe wadda ba ta buɗewa sai ka shafa mata kati, ko shiga za ka yi ko fita. A ciki esi na huci ba dare ba rana. Mu kuwa a waje fanka ɗaya ce ke raba mana iska mai ɗumi, tana juya kai kamar mai neman wanda za ta yi wa rowa.

Antina ce ta haɗa na'urar. A cikinta awon tagogin masu sayen labule yake, da zane-zanenmu. Ita ke ba injin yanka umarni, ita ke ba firinta, har ƙofar ɗakin ma ita ke gaya mata wanda za ta buɗe wa. Kowane ma'aikaci da asusunsa, wato sunan shiga da kalmar sirri. Anti ta kasa mu rukuni-rukuni bisa ga aiki: masu yanka, masu zane, masu firinta, masu ƙofa, sai rukunin masu iko, waɗanda su kaɗai ke iya taɓa asusun wani. Mutum ɗaya yakan kasance a rukuni biyu ko uku, kowa dai da abin da aikinsa ke nema.

Ana nan sai haihuwa ta zo wa Anti, ta tafi hutu. Kujerar ɗakin sanyi ta zama ba kowa.

Baba Ƙarami ƙanin Gwaggo ne da babana, shi ne autansu. Aikinsa hawa tsani yana rataya labule a gidajen mutane. Amma tun da ya kalli wasu bidiyoyi a waya ya raɗa wa kansa suna Injiniya, sunan da shi kaɗai ke amsa shi, shi kaɗai ke kiransa. Gwaggo kuwa Auta take ce masa, duk da furfurar da ta fara leƙowa a gemunsa.

"Yaya," ya ce mata, "gida da injiniya, a ce za a nemo bare? Ai ko a mafarki kika tashe ni, baƙin allon nan zan karanta miki shi kamar sunana."

Gwaggo ta dube shi ta saman tabarau. "Auta, sanyin kake so."

"Yaya, hidima nake so."

"To ji nan. In yarinyar nan ta dawo ta tarar ba ka ɓata komai ba, zan sa a ajiye maka tebur a ɗakin, ka huta da tsani har abada. In kuwa ka ɓata, ɗakin guga yana neman mutum."

Ɗakin guga, ga wanda bai sani ba, shi ne inda ake turara labule da tururi. Ƙuda ma in ya shiga, da baya yake fitowa.

Kafin Anti ta tafi ta ba shi kati, ta sa shi a rukunin masu ƙofa da na masu iko, ta kama hannunsa da hannu biyu. "Baba Ƙarami, in wani ya manta kalmar sirri, ka sauya masa. Shi ke nan. Kalmar sirri kawai."

"Je ki haihu lafiya, 'yata. Kin bar wa zaki kiwon kaza."

Washegari ya zo da kwat da laktaye. Ya kai esi ƙarshen sanyinsa, ya jefa rimot ɗin a aljihun rigar aikinsa ta hawan tsani, ya cilla rigar a bayan motar kai kaya, wai shi da ita har abada. Kwana kaɗan ba wanda ya manta kalmar sirri. Har bin mutane yake: "Ka tabbata kana tune da taka? Yi tunani dai."

Ran nan da safe, Gwaggo ta fita sayen yadi, ya tara mu a bakin ɗakin. Ya tokare ƙofar da bandir ɗin yadi don kowa ya ga allon.

"Na duba tsarin da yarinyar nan ta yi," ya ce, yana gyara laktaye. "Ba laifi, ta yi ƙoƙari irin na yara. Amma ba ladabi a cikinsa. Ta yaya Yaya guda, mai gidan nan, za ta zauna rukuni ɗaya da Aku, don kawai su biyun suna amfani da firinta?"

Aku ni ce. Wai don ina kwaikwayon muryar mutane.

"To ai firintar guda ɗaya ce," in ji Malam Almakashi, tsohon da ke kula da injin yanka.

"Ka ji irin tunanin da ya hana mu ci gaba. Daga yau rukuni uku ne: Manya, Matsakaita, da Sauran Jama'a."

"Su wa ke Manya?" in ji mai zane.

"Yaya. Da wanda ke riƙe da na'ura."

"Ni fa?" in ji Malam Almakashi. "Na girme ka da ɗa mai aure."

"Matsakaita. Na duba shekarunka ne ma."

Ya zauna gaban baƙin allon nan, inda ba hoto ba ado, sai ɗan haske yana ƙifta ido yana jiran umarni. Ya miƙa yatsu har suka yi ƙara. Ya ƙirƙiro rukunansa uku, sannan ya shiga rubuta umarnin gyaran asusu, usermod, yana karanta shi da ƙarfi kamar mai sanarwa a tashar mota.

"A bidiyon da na kalla," ya ce, "mutumin yana ƙara wani ɗan harafi, wai don a ƙara wa mutum sabon rukuni ba tare da tsofaffin sun zube ba. Tsoro ne kawai. Ni ba na aiki da tsoro."

Ya ɗaga yatsa sama kamar shaho, ya saukar da shi kan madanni, ƙwas! Malam Almakashi ya koma Matsakaita. Ƙwas! Mai zane ya koma Sauran Jama'a. Ƙwas! Ni ma haka. Da ya zo kan nasa asusun sai da ya miƙe tsaye, ya rubuta Manya, ya buga da yatsu biyu.

Shiru. Injin yanka na ta yanka, firinta na ta tofo takarda.

"Kun gani? Ko gezau! Aikin gwani ba ya ƙara."

Abin da babu wanda ya sani a cikinmu lokacin, na'urar nan halin mai gadi gare ta. A bakin ƙofa take duba fuska. In ka riga ka shiga ba ruwanta da kai, sai ka fita ka dawo take tambayar ko kai wane ne. Mu kuwa duk tun safe muna ciki.

Da ya ga ba abin da ya fashe, sai kansa ya ƙara girma. Ya ce sunan shigar Gwaggo ya yi gajarta ga mace mai daraja, ya mayar da shi shugaba-mai-cikakken-iko. Ya ce bai dace a ajiye fayilolin Manya wuri ɗaya da na talakawa ba, ya sauya wa asusunta mazauni, amma bai ce a kwashe kayan a bi ta da su ba. Mai zane ya yi dariya, sai ya sa wa asusunsa wa'adin ƙarshen wata don ya koyi ladabi, yana duba kwanan wata a kalandar bango. Kalandar ta bara ce, hoton tafkin da ke jikinta ne ya hana Gwaggo cire ta. Daga ƙarshe ya hango asusun Anti.

"Asusun da mai shi ba ya nan, ƙofa ce ga ɓarawo," ya ce. Ƙwas! Ya kulle shi.

Sannan ya fito zagaye, hannu a baya. "Akwai matsala? Nan fa, akwai matsala? Ku faɗa, kada ku ji nauyi."

Aka tashi cin abincin rana, kowa ya fita daga asusunsa yadda Anti ta koya mana. Aka dawo.

Malam Almakashi ne ya fara. "Injiniya!" Ranar ce ta farko da wani ya kira shi da sunan, kuma ba da daɗi ba. "Injina ya ce bai san ni ba. Ni! Tun yana cikin kwali nake shafa masa mai!"

Firinta ta ƙi ni. Na aika takarda, ta yi kamar da bango nake. Mai zane ya taho riƙe da kai. "Wai asusuna ya ƙare tun bara. To wa ya yi ta zane a nan duk shekarar nan? Aljani?"

Ana cikin haka Gwaggo ta dawo, ta zauna, ta buga tsohon sunanta. Aka ƙi ta. Ta sake, aka ƙi ta.

"Yaya, an ɗaga darajarki ne," in ji Baba Ƙarami, ya gaya mata sabon sunan.

Gwaggo da yatsa ɗaya take rubutu, kuma sai ta nemi kowane harafi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ta kai "cikakken" ta ɓata, ta koma farko. Ta kai "iko" ta manta ɗan layin tsakiya, ta koma farko. Da ƙyar ta shiga, gumi na ɗiga daga haɓarta. Allo ya buɗe fayau, ba fayil ko ɗaya, kamar ɗakin da aka yi wa yasa.

"Auta. Ina awon tagogin otal?"

"Suna nan, Yaya. Wato ke ce kika tashi daga unguwar, su ba su tashi ba tukuna."

"Yau manajar otal za ta zo karɓar labulenta."

Muka yi masa caa, kowa da kukansa. Ya ja da baya, ya ja da baya, har cikin ɗakin sanyi. "Ku ba ni wuri! Gwani ba ya tunani cikin hayaniya!" Ya sa ƙafa ya ture bandir ɗin da ya tokare ƙofar. Ƙofa ta ce gam.

Muka koma taga, muka manna fuskoki a gilashi. Ta wani ɗan rami da wayoyi ke bi a gindin ƙofa muke jin muryarsa, siririya kamar daga cikin rijiya.

"Matsalarku ɗaya ce, ba ku iya shiga ba! Ku kalli yadda ake yi. A fita," ya fita daga asusunsa, "a sake shiga. Shi ke nan maganin kowace cuta!"

Ya shiga. Ya rubuta umarnin gyara, ya ɗaga yatsan shaho, ƙwas! Na'ura ta mayar da amsa layi biyu. Da yake ni ce mai ido, na karanta wa jama'a da irin muryar mai karanta labarai: "Wannan mutumin ba ya cikin masu iko. Kuma za a kai rahoton abin da ya yi."

"Rahoto?" in ji muryar rijiya. "Wa za a kai wa? Ai ni ne ake kai wa rahoto! Ni ina Manya!"

"Manya me aka ba su izinin yi?" in ji Malam Almakashi.

Rukunin Manya da safen nan aka haife shi, ko izinin kunna fitila ba wanda ya ba shi.

Ya taso da sauri ya shafa kati a ƙofa. Jar fitila: ɗiit. Ya goge katin a kwat ya sake: ɗiit. Ya hura masa iska, ya juya shi, ya shafa a hankali kamar mai lallashin jariri. Kafin ƙofar ta yi magana na riga ta: "Ɗiit." Gwaggo ta make ni a ƙeya ba tare da ta juyo ba.

Katin Anti na can tare da ita, kuma asusunta da aka kulle ne ke ba shi rai. Rimot yana aljihun rigar tsani, rigar tana bayan mota, motar tana can wani gari kai kaya. Wayarsa kuwa tana kan teburina tana caji.

"Yaya, a kashe esi daga babban makunni!"

"Yarinyar nan ta ce in ɗakin ya yi zafi na'ura za ta ƙone," in ji Gwaggo. "Awon tagogina na cikinta. Kai me ke cikinka?"

Kafin a jima labari ya zaga layinmu. Mai walda na maƙwabta ya shigo yana jan wayar injinsa, murna fal fuskarsa. "Ina ƙofar? Yanzu zan yanka ta kamar burodi."

"Ka watsa mini tartsatsi cikin yadi? Fita da abin nan!"

Matar mai kemis ta leƙa, ta girgiza kai. "Ya dinga tsalle. Jini ya zaga." Baba Ƙarami ya shiga tsalle, laktaye na marin fuskarsa. Wani mai gyaran takalmi da ba wanda ya gayyata ya ce shi a saninsa barkono ake ba mai jin sanyi. Masu jiran mota a bakin titi suka shigo su ma, har da mai tambaya ko sayar da shi ake yi, tunda an sa shi a gilashi.

Da haƙoransa suka fara kaɗawa har muna ji ta ramin, Gwaggo ta tausaya. Ta ce a tura masa abin rufa. Ba yadin da zai bi ta ɗan ramin nan sai leshi mara nauyi, kuma wanda ke kusa shi ne na otal, ruwan hoda, mai furanni da geza. Muka murɗa shi kamar igiya muna turawa, yana ja. Ya naɗe jiki, ya naɗe kai, gezar ta sauko masa har gira.

Daidai nan manajar otal ta shigo, takalminta na ƙwas-ƙwas. Jama'a suka dare mata. Ta tsaya gaban gilashin. Ta cire tabarau, ta mayar.

"Wannan ba labulen zaurena ba ne?"

Gwaggo ko ƙiftawa ba ta yi ba. "Shi ne, ranki ya daɗe. Gwaji muke yi. Ba ma ba da kaya sai mun ga yadda yake zuba a jiki."

"A jikin taga zan rataya shi."

"To ai kin ga ko a jikin wannan ya yi kyau, balle taga."

Baba Ƙarami, don kada a ce bai gaishe da baƙuwa ba, ya ɗan rusuna daga ciki. Gezar ta rufe masa ido.

Gwaggo ta ja ni gefe ta miƙo mini wayarta. "Kira antinki, kafin in rasa ƙani da otal rana ɗaya."

Anti ta ɗauka da raɗa. "Yi a hankali, yanzu na samu ya yi barci. Me ya faru?" Na gaya mata. Ta ce ba komai, bari ta shiga daga gida ta gyara. Can sai raɗar ta dawo, ta yi kaifi kamar reza. "Aku. Wa ya kulle mini asusu?"

"Wai ƙofa ce ga ɓarawo."

Na ji tana jan numfashi. Ta ce hanya ɗaya ta rage: tunda yana gaban na'urar, ya kashe ta ya kunna, ya shiga ta ƙofar gaggawa da ake buɗewa tun tana tashi, ya cire kullen asusunta, daga nan ya ɗauke hannunsa. Waya ba ta shiga ramin, ita kuma ba za ta ɗaga murya ta tashi jariri ba. Sai ni zan dinga ji ina faɗa.

Na durƙusa a bakin ramin, waya a kunne. Na gyara maƙogwaro, na ɗauko muryar Anti sak, har da yadda take jan "Baba Ƙaramiii" in ranta ya ɓaci. Yana ji ya miƙe tsaye cikin leshinsa kamar ɗalibi.

"Ta ce ka danna maɓallin da ke gaban na'urar." Ya danna. "In rubutu ya fito, ka zaɓi layi na biyu." Ya zaɓa. Na faɗi umarnin harafi-harafi, yana bugawa a hankali, ba shaho ba ɗaga hannu.

"Yanzu ya buga shiga, shi ke nan," in ji Anti a kunnena.

Na dubi Baba Ƙarami. Na dubi jama'a. Na tuna Sauran Jama'a.

"Baba Ƙaramiii," na ce, "kada ka buga tukuna. Na'urar ta yi fushi. Sai ka ba ta haƙuri, in ba haka ba umarnin ba zai shiga ba."

"Haƙuri?"

"Da ƙarfi. Tana da abin jin magana a baya. Ka dafa ta."

"Aku, me kike cewa?" in ji Anti.

"Ina maimaitawa ne, Anti, bai ji ba."

Ya dafa na'urar da hannu biyu. "Ki yi haƙuri."

"Ta ce ka faɗi laifin."

"Ki yi haƙuri na raba ki da rukunanki."

"Ka faɗi sunanka na gaskiya. Ba ta san Injiniya ba."

Ya waiwayo ya dubi gilashin: mai walda, matar mai kemis, manajar otal, mai gyaran takalmi, duk sun zuba masa ido.

"Ni ne Auta."

"To buga."

Ya buga. Ba a fi shan ruwa ba, Anti ta shiga daga kan gadonta. Firinta ta farka ta hau tofo duk takardun da na aika tun rana. Injin yanka ya gane Malam Almakashi. Mai zane ya dawo cikin masu rai. Ƙofa ta yi koren haske ta ce ƙyat.

Ya fito a hankali, leɓe ya yi fari, leshi na jan ƙasa a bayansa. Jama'a suka sa tafi. Ya ɗaga hannu ɗaya yana amsawa.

"Ku-kun ga yadda na gy-gyara ta?"

Manajar otal ta kama gefen labulen ta murza, ta ce a wanke a goge, gobe ta aiko a ɗauka, kuma ba ta son a sake gwada mata kaya a jikin kowa. Gwaggo ta miƙa wa ƙaninta tafin hannu. Ya dubi hannun, ya ajiye katin a ciki.

"Labulen nan guga yake so, Auta. Ka san hanya."

Ban taɓa ganin mutum ya nufi ɗakin guga da gudu ba sai ranar. Ya rungumi tukunyar tururi kamar ɗan'uwan da ya dawo daga tafiya.

Yana can har yanzu. In ka leƙa zai gaya maka shi ya zaɓi wurin da kansa, don sanyi na kashe ƙwaƙwalwa, manyan injiniyoyi duk a zafi suke tunani. Rannan dutsen guga ya ƙi yin zafi, sabon ma'aikaci ya ce bari ya duba wayar wutarsa. Baba Ƙarami ya riƙe masa hannu.

"Ku matsalarku gaggawa. Akwai matakin da ba a koyarwa a bidiyo, sai wanda ya daɗe a harkar."

Ya dafa dutsen gugar da hannu biyu, ya sunkuya, ya rage murya.

"Ka yi haƙuri. Ni ne Auta."